Babban Yatsansa na Hagu

Tun da aka kawo ni Abuja, titi nake tsoro. Wannan babban titin da ya bi ta Kubwa, wanda motoci ke gudu a kai kamar an biyo su. A Dutse Alhaji muke zaune, ɗaki ɗaya a gidan haya, maigidana kuma yana aiki a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, yana lodin rodi da kwano a manyan motoci. Kullum sai ya tsallaka titin nan da ƙafa. Ga gadar tsallakawa, amma ya ce ta yi masa nisa. In ya fita da safe, sai in tsaya a bakin ƙofa da yarinya a baya ina bin sa a raina: yanzu ya kai bakin titi, yanzu yana jiran sarari, yanzu ya ƙetare. Sai na ƙetarar da shi a zuciyata nake iya ɗora ruwan koko.

Ya san da haka, dariya yake yi mini. Yakan ce, “Hajiya, in mota ba ta kaɗe ni ba, tsoronki zai kaɗe ni.” Hajiya yake ce mini in yana son tsokana, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Haka Allah ya yi ni. Yarinyarmu ma in barcinta ya yi nisa sai na kara yatsa a hancinta na ji iska tana fita.

Ban taɓa kiran sa da sunansa ba, ba kuma a rubuce zan fara ba. Amma akwai wani abu nasa da sai na faɗa kafin in ci gaba. Ba ya riƙe carbi. Ya ce duk wanda ya saya, sai aiki ya tsinka masa shi a aljihu. Da yatsu yake tasbihinsa, babban yatsa yana bin gaɓoɓin sauran ɗaya bayan ɗaya, a hankali, leɓensa na motsi. Farcen babban yatsan nan baƙi ne, rodi ya taɓa danne shi. Kuma da hannun dama kawai yake yi. Wata rana ya same ni ina yi da hagu, saboda yarinya ta danne mini hannun dama tana shan nono.

Ya ce, “Sauya hannu, Hajiya. Da hannun tsarki ake ƙirga wa Allah?”

Na ce, “To ɗauke 'yarka mana.”

Ya ɗauke ta tana ihu, ya ce in gama tasbihin tukuna.

Abin da ya same shi bai zo ta titi ba. Da damina ne, an yi ruwa da safe an ɗauke. Yana saman mota yana karɓar rodi, ya ɗaga wani dogo, bakinsa ya taɓa wayar wuta da ta sauko ƙasa-ƙasa a wurin. Waɗanda ke kusa sun ce ko ƙara bai yi ba. Zuciyarsa ta tsaya. Wani mai kemis a layin ya yi ta danna masa ƙirji har aka samu mota, a asibiti kuma aka dawo da zuciyar. Sai dai ta daɗe a tsaye. Daga baya na ji wannan duka.

Kawu ne ya zo ɗaukata. Ƙanin mahaifiyar maigidana ne, dillalin shanu a kara ta Dei-Dei, shi ya kawo shi Abuja tun yana saurayi, shi ne babbanmu a nan. Bai taɓa shigowa gidan da rana ba. Ya same ni ina tsince wake.

Ya ce, “Ɗauko mayafinki. Ya ɗan ji ciwo ne a wurin aiki.”

Na miƙa yarinya ga maƙwabciyata, wata Bagwariya mai sayar da doya. Na shiga ɗaki na ɗauko mayafi, na ɗauko silifas ɗinsa na wanka na sa a leda. Har yau ban san me ya sa ba. Ledar nan na riƙe ta har ranar ƙarshe.

Ɗakin da aka kwantar da shi ba a shiga da takalmi. Sanyi ne a ciki kamar cikin firji. An sa masa roba a baki, wani inji a gefe yana hura masa iska, ƙirjinsa na tashi yana sauka daidai-daidai, ba irin numfashinsa ba. Na san numfashinsa, yana da ɗan jan hanci a ƙarshe. Wannan ba shi da shi. Wata nas mai kirki, ba Bahaushiya ba, ta ce mini, “Madam, ka wanke hannu. Mijinka yana nan. Ka yi masa magana, ba laifi.”

Na tsaya a kansa. Na ce, “Sannu.”

Ban yi kuka ba. Matan da ke zaune a bencin waje, masu jinyar nasu, suka riƙa cewa yarinyar nan akwai tawakkali. Ni dai na san babu komai a cikina. Kamar ƙafa in an daɗe a zaune a kanta, a taɓa ta ba ta ji. Idona kawai ke aiki. Na san tayil ɗin da ya fashe a bakin ƙofar ɗakin. Na san mai shara tana fara goge ƙasa daga hagu. Na san in likitoci suka shigo zagaye, za su kira shi da ƙarfi a kunne, su buɗe idonsa su haska tocila, su danna masa biro a gindin farce, su shafa auduga a gefen ido. Sai su dubi juna, su yi Turanci ƙasa-ƙasa, su wuce gado na gaba.

Ogansa na kasuwa da 'yan ƙungiyarsu ne suka tsaya kan maganar asibiti. Kawu kuma ya riƙe maganar gida. Kullum da yamma sai ya fita ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a harabar asibitin ya kira Inna, mahaifiyar maigidana, can ƙauyenmu bayan Rano. Ina jin sa daga benci.

“Da sauƙi, Yaya. Alhamdu lillahi. Sauƙi na samuwa.”

Ban ga laifinsa ba a lokacin. Haka ake faɗa. Ko a kan wa aka tambaye ka jiki, da sauƙi za ka ce. Ga shi Inna tana da hawan jini, ga hanyar ƙauyenmu in ruwa ya sauka sai ranar kasuwa mota ke shiga. Kuma maigidana ɗanta ne na fari. Ko sunansa ba ta faɗa, “wannan yaron” take cewa. In ta kira, sai ta tambayi Kawu kasuwa, ta tambayi yarinya, ta tambaya ko ana ruwa a Abuja, sannan can ƙarshe, kamar ta manta, ta ce, “Ya mai jikin?” Na san ba za ta taɓa buɗe baki ta ce tana son zuwa ta gan shi ba. Sai in an ce mata ta zo.

Tun ranar farko zuciyata ke cewa a kira ta. Amma ni suruka ce. Tsakanina da Inna gaisuwa ce kawai, in ya miƙo mini waya in durƙusa a tsakar ɗaki kamar tana ganina, in ce ina wuni, ta sa mini albarka, in mayar masa. Ban taɓa kiran ta da kaina ba.

Bayan 'yan kwanaki, wata likita ta tsayar da mu a bakin ƙofa, ni da Kawu. Matashiya ce, da tabarau, ɗankwalinta a ƙarƙashin farar riga, Hausarta ta 'yan boko, in kalma ta ɓace mata sai ta ɗan rufe ido ta nemo. Ta ce sun janye masa maganin barci don kada ya ruɗe su, yanzu za a yi masa wani gwaji na jijiya, don a san inda aka tsaya. Ta ce ba zai ji ciwo ba. Kawu ya ce, “To, Allah ya sa a dace,” bai tambayi komai ba. Ni ma ban tambaya ba, don Kawu na tsaye.

Da aka buɗe mana ƙofa bayan la'asar, mun tarar an fara. Wani mutum ne mai sanƙo ya turo inji a kan teburi mai taya. Ya manna wa maigidana ƙananan wayoyi a kai da wani farin abu mai kama da man goge baki, ya manna a bayan wuya, ya manna a kafaɗa. Sai ya ɗaura masa wani abu a wuyan hannun dama, daidai inda ake ɗaura agogo amma ta ciki. Ya danna. Injin ya fara ƙas, ƙas, ƙas.

Babban yatsan ya motsa.

Mai baƙin farcen nan. Ya tashi ya lanƙwasa wajen sauran yatsun, ya koma, ya sake lanƙwasawa. Tun da aka kwantar da shi ba abin da ya motsa a jikinsa sai ƙirjin da inji ke hurawa.

Kawu ya kama ƙarfen gado. Ya ce, “Allahu akbar.” Ya sake cewa, “Allahu akbar! Tasbihi yake yi! Ke, dubi, tasbihi yake yi!” Hawaye na bin gemunsa. Nas ta ce, “Baba, a hankali, a hankali.” Mai injin ba ya jin Hausa, ya ɗago ya yi mana ɗan murmushi, ya mayar da idonsa kan allon injin. Kawu ya shafa kan maigidana ta tsakanin wayoyin, ya ce, “Ɗan albarka, ko a nan ba ka bar Ubangijinka ba.” Ya juya ya fita da sauri, yana laluben waya a aljihu, takalminsa ma sai da nas ta bi shi da shi.

Ni na tsaya.

Na so in yarda. Wani abu ya ɗan tashi a ƙirjina, na ji shi. Amma idona bai bar yatsan ba. Sauri yake yi, maigidana kuwa ba ya sauri. Wuri ɗaya yake bugawa, ba ya sauka gaɓa zuwa gaɓa. Leɓensa bai motsa ba. In injin ya ce ƙas, yatsan ya yi. Da mutumin ya kashe, yatsan ya kwanta a take. Na ce a raina, to, ba shi da lafiya, ƙila iyakar abin da zai iya ke nan.

Sai mutumin ya kwance abin, ya zagaya ɗaya gefen gadon, ya ɗaura a hannun hagu. Ya danna.

Babban yatsan hagu ya tashi ya lanƙwasa. Ƙas, ƙas, ƙas. Daidai yadda na dama ya yi.

Abin da ya tashi a ƙirjina ya koma ya kwanta. Na dubi likitar. Ita ba yatsan take kallo ba sam, allon take kallo, ta sunkuya har tabaranta na zamewa. Akwai layuka a jere. Na ƙasa suna da ɗan tudu, kowanne ya tashi ya sauka. Na sama ya tafi a miƙe da 'yar karkarwa, kamar zaren da aka ja. Ta sa yatsa a wani wuri a kan layin, ta ce wa mutumin wani abu. Ya sake yi. Ta sake sa yatsa a wurin. Ba tudu.

Da na fito, Kawu na ƙarƙashin mangwaro, muryarsa har bakin get.

“Da idona na gani, Yaya, ba labari aka ba ni ba! Tasbihi, wallahi! Ki kwantar da hankalinki. A'a, ba sai kin zo ba, me za ki zo yi a wannan ruwan? In an sallame shi ni zan kawo miki shi da kaina ya huta.”

Ya kashe, ya zo yana goge ido da hularsa. Ya ce, “Kin gani? Ashe har ta ɗaure kaya a ɓoye, wai za ta biyo motar kasuwa, wai jikarta take son gani. Na ce ta kwance.” Ya yi dariya. Ya ce zai koma kara ya sa a yi sadakar ƙosai da safe.

Na koma benci na zauna da ledar silifas a cinya. Da likitar ta fito, na tashi na bi ta. Ban san na bi ta ba sai da ta juyo.

Na ce, “Likita, da hagu ma ya yi.”

Ta ce, “Na'am?”

Na ce, “Ba ya tasbihi da hagu.”

Ta daɗe tana kallona. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce, “Zo mu zauna, ƙanwata.”

Muka zauna a ƙarshen benci. Ta ce injin ne ke motsa yatsan. Ta ce, “Ko ke na ɗaura miki, naki haka zai yi, ko kina so ko ba kya so. Motsin yatsan yana nuna mana mun sami jijiyar ne kawai.” Ta kama wuyan hannuna ta nuna mini. Ta ce akwai jijiya da ta taso daga nan, ta bi hannu, ta bi kafaɗa, ta bi wuya, ta shiga ƙwaƙwalwa. Ta rufe ido tana neman yadda za ta faɗa. Ta ce, “Kamar sallama ce. Muna yin sallama daga hannu, sai mu kasa kunne a kai mu ji ko za a amsa.”

Na ce, “An amsa?”

Ta ce, “Ta kai kafaɗa, mun ji wucewarta. Ta kai wuya. A sama ba a amsa ba. Mun yi ta dama, mun yi ta hagu, mun maimaita.”

Na ce, “Zai tashi?”

Ta ce, “Rai a hannun Allah yake, ni ban isa in yanka masa lokaci ba. Kuma ba da wannan kaɗai muke duba ba, muna haɗawa da abin da muke gani a idonsa kullum da hoton kansa. Amma kin tambaye ni, ba zan ce miki da sauƙi ba. In wanda zuciyarsa ta tsaya ya kai haka, hannu biyu ba amsa, ba ma sa ran ya farfaɗo ya san mutanensa.” Ta mayar da tabaranta. “In akwai wanda ya kamata ya gan shi, a kira shi. Gobe zan zauna da babanku in yi masa bayani.”

Na ce, “Na gode.” Na tuna ina kallon takalminta, baƙi ne, gefe ɗaya ya cinye fiye da ɗayan.

Washegari ta zauna da Kawu, ina gefe. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa a kan gwiwa, ƙamshin man ƙosai a rigarsa. Da ta gama ya ce, “'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin yi karatu. Amma inji bai san gaibu ba. Ni na ga abin da na gani.” Da muka fito ya ce mini, “Kada in ji maganar nan a bakin kowa. Jiya na ce wa Yaya ɗanta na tasbihi, gari duk ya ɗauka, liman ya yi addu'a a masallaci. Yau in ce mata me? Ki bari mu ga kwana biyu. Allah na nan.”

Na ce, “To, Kawu.”

Na hau mota na koma Dutse don in yi wa yarinya wanka. Na yi mata, na shafa mata mai, ta yi barci. Na kara yatsa a hancinta. Wayar maigidana tana kan akwati, abokan aikinsa sun kawo ta, fuskarta ta tsage. Na sa ta a caji a shagon bakin layi, na tsaya har ta kawo. Rana tsaka ce, mai ruwa na wucewa da kurarsa. Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Na nemo inda ya rubuta Inna.

Na durƙusa kafin ta ɗauka.

Ta ɗauka da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Ta ce, “Kai ne?” Lambarsa ta gani.

Na ce, “Inna, ni ce. Ina wuni.”

Ta ce, “Lafiya lau. Ya gida? Ya ƙawata?” Haka take kiran yarinyar.

“Lafiya lau.”

“Ana ruwa a wurinku?”

“Ana yi.”

“To madalla.” Na ji akuya na kuka a bayanta. “Ya mai jikin?”

Bakina ya riga ya buɗe da “da sauƙi”, na ji harafin farko a kan harshena. Na haɗiye.

Na ce, “Inna, ki zo.”

Ta ce, “Kawunku ya ce...”

Na ce, “Inna, ki zo.”

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, “To.” Can ta ce, “Allah ya yi miki albarka,” ta kashe.

Kafin magariba Kawu ya ji. A bakin get ɗin asibiti ya tare ni. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, “Wa ya aike ki? Ke ce babba ko ni? In matar nan ta faɗi a hanya, ke za ki ɗauka? Yarinya ƙarama da ke, kin fi mu sanin Allah ne?” Masu gadi na kallonmu. Na sunkuyar da kai ina kallon ledar silifas. Da ya yi shiru na ce, “Kawu, bayan ka fita, an sa masa a hannun hagu. Shi ma ya yi.”

Kawu ne ya koya wa maigidana salla, ya fi ni sanin hannun. Ya tsaya yana kallon titi. Sannan ya zaro waya ya kira wani direban motar shanu da ke dawowa daga Kano, ya ce ya tsaya a Kwanar Dangora ya ɗauko masa yayarsa, ya sa ta a gaba, ya tafi da ita a hankali.

Inna ba ta jira motar kasuwa ba. A kan babur aka fito da ita cikin taɓo har bakin kwalta. Ta iso washegari da hantsi, zaninta da jar ƙasa har gwiwa, da ƙullin kaya a ka da 'yar robar man shanu a hannu, wai na mai jiki ne. Nas ta ce, “Mama, ka cire takalmi.” Ta cire, ta jera su a gefe.

Da ta shiga, ba ta dube shi ba. Ta dubi injin, ta dubi bango, ta dubi labule. Ta zauna a kujerar da aka ba ta, ta ba gadon gefe, kamar yadda take zama in ya shigo gaishe ta a gida. Ni da Kawu muna tsaye a ƙofa. Ta daɗe a haka. Sai ta miƙa hannu, ba tare da ta juya ba, ta laluba ta kama ƙafarsa ta cikin bargo. Ta ce ƙafar ta yi sanyi, a ƙara masa mayafi. Nas ta ƙara. Sai ta juyo gaba ɗaya.

Ta kira sunansa.

Ban taɓa jin sa a bakinta ba. Kawu ma ya ce bai taɓa ji ba tun ranar suna. Ba da ƙarfi ta faɗa ba, kamar mai tashin yaro makaranta. Ta sake faɗa. Ba a amsa ba. Ta kama hannunsa na dama ta buɗe, ta sa babban yatsansa a kan gaɓar ƙaramin, ta riƙa matsar masa da shi gaɓa zuwa gaɓa, a hankali, leɓenta na motsi. Kawu ya fita. Ni na tsaya ina kallon ƙafafunta a kan tayil, duk faso, da busasshen taɓo a tsakanin yatsu.

Kullum haka ta yi masa, duk lokacin da aka buɗe ƙofa, har kwanakin da suka rage suka ƙare. Ƙirjinsa ya kamu da ciwo, zuciyar ta sake tsayawa wata ranar da azahar, wannan karon ba ta dawo ba. Tana riƙe da hannun. Ita ta ce a kira ni daga benci.

A nan Abuja aka rufe shi. Na yi takaba a ƙauye, a ɗakin Inna. Ba mu taɓa yin maganar wayar nan ba, ni da ita. Sai dai in ta dama fura, ni take fara miƙa wa. Kawu yana zuwa duba mu. Wata rana yana tashi tafiya, ya tsaya a zaure, ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Da an biye mini da na ce ta kwance kayan nan...” Bai ƙarasa ba, ya sa takalmi ya fita.

Na dawo Dutse, ina soya awara a bakin layi. Yarinya ta fara tafiya makarantar allo da ƙafarta. Silifas ɗin suna ƙarƙashin gado a ledarsu. Mata sun ce kuka zai zo daga baya, har yanzu bai zo yadda suka ce ba. Titin Kubwa kuwa yanzu in na zo tsallakawa, tsallakawa kawai nake yi.

Abu biyu nake roƙon wanda ya karanta wannan. In kana jinyar wani, likita ya gaya maka abin da ya gani, kuma akwai uwa ko uba a nesa da ke jiran a ce su zo, kada ka ce musu da sauƙi. Ka ce su zo. Sannan in ka idar da salla kana tasbihi, ka sa maigidana a addu'a. Ba sai ka san sunansa ba.